Manunin Layi: Yadda Manyan Kwamfutoci Ke Bin Sunaye Ɗaya Bayan Ɗaya

Rumbun bayanai na zamani yana ba da amsa ne a dunƙule. Idan aka tambaye shi sunayen malaman firamare na ƙaramar hukumar Kankiya, zai tattaro duk layukan da suka dace da tambayar, ko ɗari ne ko dubu goma. Ita kuwa manhajar da ta yi tambayar, musamman irin wadda aka rubuta da harshen COBOL don manyan kwamfutocin nan da ake kira menfirem, an gina ta ne ta ɗauki layi ɗaya, ta yi masa lissafi, ta ajiye, sannan ta ɗauki na gaba. Abin da ke haɗa waɗannan ɗabi'u biyu shi ne manuni, wato alamar da rumbun ke ajiyewa a kan layin da aiki ya kai. Kamar akawun da ke biyan albashi daga kundi ne, ya ɗora rula a ƙarƙashin sunan da ya kira, in ya sallami mai sunan ya saukar da ita layi ɗaya.

Dalilin wannan saɓani yana cikin tarihi. An tsara COBOL a Amurka a 1959, lokacin da bayanai ke kan katunan da aka huda da kuma zaren maganaɗisu, waɗanda dole a karanta su a jere daga farko zuwa ƙarshe. A 1964 kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocin System/360, kakannin menfirem ɗin da ke aiki a yau. Sai a 1970 Edgar Codd, wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a IBM, ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar da harshen tambaya wanda daga baya ya zama SQL, kuma a 1983 IBM ya sanar da rumbun DB2. Ke nan COBOL ya girmi SQL da shekara goma sha biyar, kuma bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin haraji ba su zubar da tsofaffin manhajojinsu ba, sun ɗinke su ne da sabon rumbu. Najeriya ma ta shiga wannan zamani da wuri: a 1963 IBM ya buɗe cibiyar horaswa a Jami'ar Ibadan, kuma cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya taɓa shugabantar jami'ar.

Rayuwar manuni mataki huɗu ce, kowanne da umarninsa. DECLARE shi ne bayyana tambayar da kuma raɗa wa manunin suna. A nan ba a taɓa rumbu ba tukuna. OPEN shi ne buɗewa, inda rumbun ke karɓar tambayar ya fara aiki a kanta. FETCH shi ne ɗauko layi, kuma shi ake ta maimaitawa. CLOSE shi ne rufewa da sakin duk abin da aka riƙe. Bayan kowane umarni, DB2 yana mayar da lamba mai suna SQLCODE. Sifili na nufin lafiya lau. Lamba 100 na nufin layuka sun ƙare. Duk lambar da ta zo da alamar ragi matsala ce: -501 na nufin an nemi layi daga manunin da ba a buɗe ba, -502 kuma an so buɗe wanda yake a buɗe. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne su ce wa manhaja ta ci gaba da ɗauko layi har sai ta ga 100, ba su tanadi abin da za ta yi in ta ga lamba mai ragi ba. Ranar da matsala ta faru, 100 ba za ta taɓa zuwa ba, sai manhajar ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana cin lokacin na'ura har sai ma'aikacin dare ya kashe ta.

Tambayar farko kafin a rubuta manuni ita ce ko ana bukatarsa ma. Idan layi ɗaya ake nema da lambar da ba ta da biyu, kamar lambar asusun banki mai alƙaluma goma ko lambar BVN mai alƙaluma goma sha ɗaya, umarni ɗaya na SELECT INTO ya wadatar. Buɗe manuni a ɗauko layi ɗaya a rufe kira uku ne a inda ɗaya zai yi. Sharaɗin kawai shi ne amsar kada ta wuce layi ɗaya, domin in ta wuce DB2 zai mayar da -811. Haka nan idan jimillar albashi ake so, ko adadin ma'aikata, rumbun yana da SUM da COUNT, yana haɗa lissafin a cikinsa ya miƙo lamba ɗaya. Jawo layi dubu ɗari cikin manhaja don a tara su da hannu ɓata lokaci ne tsagwaronsa.

Idan manunin ya zama dole, sai a ƙuntata abin da zai kawo. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34. A ɗauka akwai jadawali ɗaya da ke ɗauke da ma'aikatansu duka, ana kuma son na Kusada kaɗai. Wata manhajar za ta buɗe manuni a kan jadawalin baki ɗaya, ta riƙa ɗauko kowane layi tana duba ko na Kusada ne, tana watsar da na Funtuwa da Daura da Malumfashi da sauransu. Wata kuma za ta sa sharaɗin a cikin tambayar, a sashen WHERE, rumbun ya tace tun daga tushe. Amsarsu ɗaya ce, amma ta farkon ta biya kuɗin ɗauko ma'aikatan ƙananan hukumomi 33 da ba ta da aiki da su. Haka abin yake ga gurabe: in suna da lambar ma'aikaci da matakin albashi kawai ake so, ba a neman duk guraben layin har da adireshi da sunan magaji. Wani nau'in asarar kuma shi ne manuni a cikin manuni, inda ake ɗauko malami, sannan a buɗe manuni na biyu don nemo makarantarsa, a rufe, a ɗauko malami na gaba a sake buɗewa. Malamai dubu goma, buɗewa dubu goma ke nan. Haɗa jadawalan biyu a tambaya ɗaya da JOIN yana kawar da wannan gaba ɗaya.

Akwai abin da ke faruwa a lokacin OPEN wanda ba a gani a rubutun manhaja. Idan an ce a jero amsar bisa lambar ma'aikaci, kuma akwai fihirisa da aka gina a kan wannan lamba, rumbun zai bi fihirisar ya riƙa kawo layuka daidai lokacin da aka neme su. Buɗewar ba ta ɗaukar ko ƙiftawar ido. Idan kuwa an ce a jero bisa gurbin da ba shi da fihirisa, dole rumbun ya karanto duk layukan da suka dace, ya zuba su a fayil ɗin wucin gadi, ya jera su, kafin ya iya miƙo na farko. Manhajar da layi ashirin kawai take so za ta jira a jera miliyan. Akwai umarni biyu da ke taimakawa a nan, kuma ana yawan rikita su. OPTIMIZE FOR 20 ROWS shawara ce ga rumbu cewa ya zaɓi hanyar da ta fi saurin kawo ashirin na farko, amma ba ta hana a ci gaba da ɗauko sauran. FETCH FIRST 20 ROWS ONLY kuwa iyaka ce, bayan ashirin sai lamba 100. Ita hanyar da rumbun zai bi, a manhajojin COBOL na gargajiya, ana zaɓen ta ne tun lokacin ɗaure manhaja da rumbu, wato BIND, bisa ƙididdigar da RUNSTATS ya tattara. Jadawalin da aka ƙidaya yana da layi dubu biyar, ya girma ya kai miliyan biyar ba a sake ƙidaya ba kuma ba a sake ɗaurewa ba, zai ci gaba da tafiya a kan hanyar da ta dace da ƙuruciyarsa. Umarnin EXPLAIN shi ke nuna hanyar da aka zaɓa, kuma mai rubuta manhajar da bai duba shi ba yana aiki ne da zato.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kulle. Rumbun ba na manhaja ɗaya ba ne. A daidai lokacin da aikin dare ke bin asusu ɗaya bayan ɗaya yana saka albashi ko cire kuɗin hidima, wani yana tsaye gaban mai POS a Kafinsoli yana son cire kuɗin cefane, kuma asusunsa yana cikin jadawalin da ake bi. Don kada hannu biyu su canza layi ɗaya lokaci guda, rumbun yana kulle abin da ake aiki a kai. Yawan abin da manuni zai kulle, da tsawon lokacin da zai riƙe, ya danganta da matakin keɓewar da aka zaɓa, kuma DB2 yana da huɗu. Mafi tsanani shi ne RR, wanda ke riƙe duk layin da aka leƙa, har wanda bai dace da tambayar ba, sai an tabbatar da aiki. RS yana riƙe waɗanda suka dace kaɗai. CS, wanda aka fi amfani da shi, yana riƙe layin da manunin ke kai ne kawai, da ya matsa gaba ya saki, sai fa in an canza layin, to wannan yana nan a kulle har a tabbatar. Na huɗu, UR, ba ya jiran kullen kowa, yana karanta har canjin da ba a tabbatar ba. UR ya dace da rahoton da kimantawa ta ishe shi. Bai dace da duba ko kuɗi sun isa a biya ba, domin yana iya ganin kuɗin da za a janye bayan daƙiƙa ɗaya.

Wani abin lura shi ne sau da yawa ba layi ake kullewa ba, shafi ne. DB2 yana ajiye layuka a shafuka masu girman kilobait 4, 8, 16 ko 32. Shafin kilobait 4 zai ɗauki layuka kusan ashirin in kowanne bait 200 ne. Idan an saita kulle a matakin shafi, canza asusu ɗaya yana tsare maƙwabtansa goma sha tara da ba ruwansu. Idan kuma kulle-kullen manhaja ɗaya suka wuce iyakar da aka sa, rumbun yana iya tattara su ya mayar da su babban kulle ɗaya a kan jadawalin ko wani ɓangarensa, kowa ya tsaya. Shi ya sa ake so manuni ya faɗi niyyarsa tun a DECLARE. Wanda karatu kawai zai yi a rubuta masa FOR READ ONLY. Wanda zai canza layi a rubuta masa FOR UPDATE OF tare da sunan gurbin, sannan a yi canjin da WHERE CURRENT OF, ma'ana layin da manunin ke kai yanzu, ba sai an sake nemo shi ba. Manunin da bai faɗi komai ba yana barin rumbun cikin shakka, rumbu kuwa in yana shakka yakan ɗauki matakin da ya fi tsada.

Akwai kuma cirko-cirko. Manhaja ta farko ta kulle asusun Kankiya tana jiran na Ingawa, ta biyu ta kulle na Ingawa tana jiran na Kankiya. Ba wadda za ta saki. DB2 yana gano wannan, ya zaɓi ɗaya ya warware mata aikinta, ya mayar mata da -911, lambar da ke zuwa kuma idan jiran kulle ya wuce wa'adi. Maganinsa tsari ne: duk manhajojin su riƙa taɓa jadawalai da layuka a jere iri ɗaya, kuma wadda ta sami -911 ta san yadda za ta sake gwadawa, ba ta faɗi kawai ba.

Abin da ke sakin kulle shi ne COMMIT, wato tabbatar da abin da aka yi zuwa yanzu. Aikin da zai canza layi miliyan ɗaya bai tabbatar ba sai a ƙarshe yana tsare mutane sa'o'i, kuma in ya faɗi a layi na dubu ɗari tara, warware abin da ya yi na iya ɗaukar lokaci mai tsawo, kulle-kullen kuma suna nan har a gama. Don haka ake tabbatarwa a kai a kai, bayan wasu ɗaruruwa ko dubban layuka, ko bayan wasu daƙiƙoƙi. Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa, shi ya sa gwanaye ke ajiye adadin a wani jadawali da za a iya canzawa ba tare da an taɓa manhajar ba: a ƙara shi da tsakar dare, a rage shi in aikin ya shiga safiya. Sai dai COMMIT yana rufe manuni, in ba an bayyana shi da WITH HOLD ba. Shi ma mai WITH HOLD ɗin, bayan tabbatarwa ba a kan layi yake ba, yana tsakanin wanda aka gama da na gaba, dole a yi FETCH kafin a sake canza komai ta hanyarsa. ROLLBACK kuwa, wato warwarewa, yana rufe manuni har mai WITH HOLD.

Tabbatarwa a kai a kai tana haifar da wani nauyi. Idan aikin biyan albashi ya tsaya a tsakiya, rabin ma'aikata an riga an saka musu, kuma an tabbatar. Sake kunna shi daga farko na nufin a biya su sau biyu. Hanyar da aka saba ita ce a tanadi ƙaramin jadawali inda manhajar ke rubuta lambar ma'aikacin ƙarshe da ta gama, kuma ta rubuta ta a cikin tabbatarwa ɗaya da biyan, yadda ko dai su shiga tare ko su faɗi tare. In aka sake kunnawa, sai a buɗe manuni da sharaɗin lambar da ta fi wadda aka ajiye. Wannan ba ya aiki sai an jera amsar bisa lambar da ba ta maimaituwa. Wanda ya jera bisa suna, a ƙasar da Musa Ibrahim zai iya kai goma a ƙaramar hukuma ɗaya, zai tsallake wasu ko ya maimaita wasu.

Kowane FETCH tafiya ce daga manhaja zuwa rumbu da dawowa, kuma tafiyar kanta tana da tsada ko da layin ƙarami ne. Daga fitowa ta 8 ta DB2 a 2004, ana iya ɗauko layuka da yawa a kira ɗaya, har zuwa 32,767, ko da yake a aikace ɗari ko 'yan ɗaruruwa aka fi zaɓa, domin ribar tana raguwa bayan nan. Layi miliyan ɗaya, ɗari-ɗari, kira dubu goma ne maimakon miliyan. Amma akwai tarko a kiran ƙarshe. A ce layukan 1,037 ne. Kira goma na farko za su kawo ɗari-ɗari da sifili. Na goma sha ɗaya zai kawo 37 tare da lamba 100. Manhajar da ta saba tsayawa da zarar ta ga 100 za ta tafi ta bar mutum 37 ba albashi, kuma ba wata alamar kuskure da za ta fito. Adadin da aka kawo a kiran yana cikin gurbi na uku na SQLERRD, wanda DB2 ke mayarwa tare da SQLCODE, dole a duba shi a gama da waɗannan kafin a rufe.

Duk wannan game da aikin dare ne. Aikin kanta, inda ma'aikacin banki ke duba allo abokin ciniki na jira, yana bi ta CICS, tsarin da IBM ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960. A nan ba a barin manuni a buɗe yayin da mutum ke karanta allo, domin yana iya tashi ya tafi salla ko ya amsa waya. Manhajar tana buɗewa, ta ɗauko layi ashirin, ta rufe, ta ajiye lambar na ƙarshe, ta ƙare. In ya nemi shafi na gaba, sai ta sake farawa daga wannan lambar. Fitowa ta 7 ta DB2 a 2001 ta kawo manuni mai iya komawa baya, amma wasu nau'o'insa suna kwafe amsar duka a jadawalin wucin gadi, don haka ba a ɗauko shi sai da dalili.

Ɓarnar manuni tana fitowa a takardar kuɗi. Tsarin da IBM ya daɗe yana amfani da shi wajen cajin manhajojin menfirem na wata-wata yana duba matsakaicin aikin na'ura na sa'a huɗu a jere, ya ɗauki mafi girma a watan. Aikin ƙarshen wata guda ɗaya da aka rubuta da sakaci zai iya ɗaga kuɗin watan baki ɗaya.

Yawancin bankunan Najeriya suna tafiyar da asusu ne a kan manhajoji irin su Flexcube da Finacle da T24, sau da yawa bisa rumbun Oracle, amma manuni yana nan da halinsa, sunayen matsalolin ne suka canza. Manhajar da ke buɗewa ba ta rufewa za ta ci karo da ORA-01000, wato manunan da ke buɗe sun wuce iyaka. Wadda ta bar manuni a buɗe tsawon lokaci ana ta canza jadawalin a ƙarƙashinsa tana iya samun ORA-01555, lokacin da rumbun ya kasa sake gina yadda bayanan suke a sa'ar da aka buɗe. Ɗauko layuka da yawa a kira ɗaya kuma ana yin sa da BULK COLLECT tare da LIMIT, kuma tarkon kiran ƙarshe yana nan yadda yake. Manhajojin Java da ke magana da Oracle suna ɗauko layi goma-goma ne in ba a canza saitin ba, adadin da ya ishi allon kanta amma ya yi kaɗan ƙwarai ga aikin da zai bi asusu miliyan kafin gari ya waye.